Umarni ɗaya ya shafe lissafin bashi, yanzu ana kira na maci amana

Assalamu alaikum Malam. Ba na barin shirinka na fasaha ya wuce ni, shi ya sa na kawo kukana gare ka. Kwana uku ke nan barci ya ƙaurace wa idona.

Ranar Talata da daddare duk bayanan shagon mijin yayata suka ɓace daga manhajar da na gina masa. Atamfa yake sayarwa a Kantin Kwari. Abin da ya fi ciwo shi ne lissafin bashi, wa ya ɗauki turmi nawa, nawa ya biya, nawa ya saura.

Bari in koma baya. Ba daga tushe na gina ta ba, tamfilet, wato shiryayyen samfuri, na Laravel (wani tsarin gina manhajojin yanar gizo) na ɗauko, wanda ya zo da shafin rajista da na shiga a shirye. Ba lalaci ba ne, Malam, har ƙwararru haka suke yi. Kuma na sha wuya a kansa. Laravel 11 ba ta tashi sai da zubi na 8.2 na PHP, yaren da aka rubuta ta da shi, shi kuwa mijin Yaya saba (kwamfutar intanet da manhaja ke zama a kai) mai araha ya saya wadda ke kan tsohon zubi, sai da na kwana biyu ina fama. Hotunan kaya suka ƙi fitowa, sai daga baya na gano ban rubuta umarnin storage:link ba, wanda ke buɗe hanya zuwa inda aka ajiye hotunan. Duk wannan bai gani ba. Abin da ya ba ni ko kuɗin data bai kai ba, na yi shiru saboda Yaya.

To, ranar ya kira ni yana yi mini faɗa kamar ni yaron shagonsa ne, wai a ƙara gurbin lambar wayar masu bashi a daren nan. Takardar bayanin tamfilet ɗin ta ce a rubuta php artisan migrate:fresh --seed. Na sha rubuta shi a kwamfutata ba abin da ya faru, don bayanan gwaji ne a ciki. Wannan karon a kan saba na rubuta. Umarnin yana rushe duk teburan rumbun bayanai ne ya sake gina su fanko. Abin da na tarar a ciki asusun gwaji ne guda ɗaya da umarnin ya ƙirƙira.

Na san za ka ce ai Laravel tana tambaya kafin ta yi haka. Tana tambaya idan an sa saitin APP_ENV a production, wato an nuna mata manhajar ta fara aiki na gaske. Ni na kwafi fayil ɗin saiti na .env.example ne yadda ya zo, da local a ciki, wato yanayin gwaji. Babu inda takardar ta gargaɗe ni. Kuma tun watan azumi na ce ya biya kuɗin ajiyar kwafi na kullum, ya ce ina neman hanyar cin kuɗinsa ne. Yanzu shi ne yake gaya wa dangi wai na haɗa baki da masu bashi. Mutumin da ya jefar da littafinsa na takarda ba tare da ya shawarce ni ba!

Akwai wani kwafi da na sauke wata biyu da suka wuce, amma cinikin sallah duk ba ya ciki. Shin kamfanin sabar zai iya dawo da abin da aka goge, ko in daina sa rai?

Sai dai ba wannan ne ya fi damuna ba. A daren na ce masa saba ce ta lalace, don tsoro ya kama ni. Yaya ta yarda da ni, har ta yi cacar baki da shi a kaina. Ranar Juma'a Hajiya ta kira mu zama. Malam, in na faɗi gaskiya a gabansa, da wane ido zan kalli Yaya?

Ɗalibinka,
daga Kano