Wasiƙa daga Saigon

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, da Inna da ƙannena. Ni lafiya lau, sai ruwan sama da ba ya ɗaukewa, da kewar tuwon gero.

Kun tambaye ni ko nan ne Indoshin ɗin da marigayi Kaka ya yi yaƙi yana sojan Faransa. Nan ne, Baba. A zamaninsu ƙasar nan, Biyetnam, kashi uku ce: Tonkin a arewa, Annam a tsakiya, sai Koshinshin a kudu, inda nake. Biyun farko an bar wa sarki suna kawai, Koshinshin kuwa kai tsaye Faransawa suka riƙe ta. Sun ci Saigon a 1859, shekara arba'in kafin su ci Damagaram. Sarki ya sallama musu larduna uku na Koshinshin a 1862, suka haɗiye sauran ukun a 1867. Halin nasu dai kun san shi.

Kafin 'yan Biyetnam su gangaro daga arewa, kudun nan ƙasar Khmer ce, wato mutanen Kambodiya, garin nan ma Prey Nokor suke ce masa. Har yanzu suna nan wajen Tra Vinh da Soc Trang, suna noman shinkafa. 'Yan China kuma unguwar Cholon suka cika, can nake sarin kaya. Ciniki da su sai haƙuri.

Amma abin da nake so ku gaya wa Inna, tunda kullum damuwarta salla: akwai Musulmi. Masallacin da nake Juma'a, a titin Dong Du, fataken kudancin Indiya suka gina shi a 1935. Akwai kuma mutanen Cham. Da suna da daular kansu, Champa, wadda aka ci babban birninta a 1471. Wani abokina Bacame ya kai ni garinsu kusa da Chau Doc, bakin iyakar Kambodiya. Gidaje kan dirkoki saboda ambaliya, mata suna saƙa, yara suna karatun Alƙur'ani. Da aka kira Magariba har na share hawaye. Naman halal ma a wurinsu nake saye.

Ku duba mini akwatin Kaka, ko takardarsa ta soja ta faɗi garin da aka ajiye shi. In kusa ne zan je.

Kuɗin taki na tafe ƙarshen wata, in Allah ya yarda. A gaida Gwaggo da Malam.

Ɗanku.