Rediyon aljihu na farko ba daga Japan ya fito ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in gyara wani kuskure da ya yaɗu har cikin masu gyaran rediyo, wai Sony ne ya fara ƙera rediyon aljihu mai taransista, wato ɗan ƙaramin kayan lantarkin da ke ƙara ƙarfin sigina. Wanda ya fara shiga kasuwa shi ne Regency TR-1, a Amurka, ƙarshen 1954. Kamfanin Texas Instruments ya samar da taransistocin, kamfanin IDEA na Indiyanafolis ya harhaɗa, aka sa masa kuɗi dala 49.95.

Abin da ya fi cancantar a sani shi ne cikinsa. Taransista huɗu kacal gare shi, duk na sinadarin jamaniyam. Na farko yana haɗa siginar da eriya ta kamo da wadda shi kansa yake haifarwa, biyu suna ƙara mata ƙarfi a tsakiya, diyod guda ya tsamo sautin, na huɗun ya tura shi lasifika. Taransista ɗaya tilo a bakin lasifika, shi ya sa muryarsa ba ta da kauri, kuma da an ƙure ta sai ta dushe.

Taransistan wancan zamani rago ne idan mitar sigina ta yi sama. Injiniyoyin da suka tsara shi, cikinsu har da Richard Koch, sun bi ta hanya biyu. Sun sauke mitar tsakiya, wato mitar da rediyo ke mayar da kowace tasha gare ta kafin ya ƙara mata ƙarfi, zuwa kilohaz 262 maimakon 455 da aka saba, sannan suka ba rediyon batir mai bolt 22.5, domin da wuta mai yawa taransistan ya fi ƙara ƙarfin sigina. Dabara ce mai kyau, amma mai rediyo ne ya biya: batirin yana da tsada, kuma awa 20 zuwa 30 ya ƙare. Nan Sony ya yi nasara da rediyonsa TR-63 a 1957, mai taransista shida da batir na bolt 9, biyu daga cikin taransistocin suna karɓa-karɓa wajen tura lasifika.

Ga wanda irin waɗannan suka faɗo hannunsa, kada ya fara da zargin taransista. Kafasitocin nan, wato ƙananan ma'ajiyar wuta masu ruwa a ciki, su ne ke bushewa bayan shekaru, sai murya ta yi ƙasa ko rediyon ya riƙa kuka. A canza su tukuna, a kula da ƙafar da ke fuskantar fositif. A duba batir kada a juya shi. Wajen liƙi da dalma, a kama ƙafar taransistan da filaya tsakanin jikinsa da bakin ƙarfen, a gama cikin daƙiƙa biyu ko uku, don jamaniyam ba ya jure zafi. Ko barinsa a rana yana ƙara masa yoyon wuta. Kada kuma a cusa na silikon a gurbinsa haka kawai. Jamaniyam yana buɗewa wuta ta wuce a wajen bolt 0.2, silikon sai 0.6, dole a sake lissafin rasistocin da ke kayyade wutar da ke shigarsa.

Babbar ɓarna ita ce murɗa ƙananan taransifomomin tsakiya da sukundireba. Wanda ya saita TR-1 a kan 455 ya kashe shi da hannunsa, kuma ƙwayar da ke ciki tana tsagewa idan aka matsa mata.

Na gode da ba ni wannan fili.

Naka,
Wani mai gyaran rediyo