Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kano: A Sama Wa Wasan Daɓe Mazauni

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, kuka na kawo a kan wasan daɓe, wato wasan kwaikwayon da ake yi a dandali gaban 'yan kallo.

Yau duk inda aka ambaci Kano sai a ce Kannywood, amma kafin kyamara ta zo akwai daɓe. Malam Aminu Kano tun yana malamin makaranta yake rubuta wasan kwaikwayo don ya farkar da talaka. Ƙungiyoyi irin su Tumbin Giwa da Gyaranya a daɓe suka goge, suka shiga talabijin lokacin da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa CTV, wadda yanzu ake kira ARTV. Tumbin Giwa ɗin nan ce ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a 1990, daga nan kasuwar fim ta buɗe.

Tushen ma ya wuce nan. Duk wanda ya tashi a cikin birni ya san tashe: azumi na kwana goma yara sun liƙa gemun auduga, sun cusa tsumma a ciki, suna bin gida-gida suna kwaikwayon malami da mai rowa, Nalako, sarkin gwauraye, kuma na farautar gwauraye. Wannan ai makaranta ce, ba shirme ba.

To ina matasan da ke son harkar za su dosa yanzu? Ɗaliban da ke karanta fannin a Jami'ar Bayero suna gamawa su rasa inda za su tsaya gaban jama'a, sai dai waya. A waya kuwa ba mai gyara maka murya, ba ka jin lokacin da 'yan kallo suka yi tsit. Abin yana ci mini rai.

Ranka ya daɗe, roƙona a ware wa wasan daɓe dandali na dindindin, ko a harabar Gidan Ɗan Hausa, gidan adana tarihi da al'adun nan, mai fitila da lasifika da wurin zaman mata daban, a riƙa wasa duk mako da kuɗin shiga daidai aljihun talaka. Malamai da iyaye su zo su gani da idonsu.

Sannan a taimaka a kwashe tsofaffin wasannin CTV daga kaset zuwa kwamfuta, domin kaset ba ya jure zafi da ƙura. Dattawan da suka yi wasannin nan, waɗanda suka rage, a zauna da su a naɗi bayaninsu tun suna da ƙarfin magana.

Allah ya taya riƙo.

Naka,
Wani ɗan cikin birni mai kishin wasan daɓe