Zuwa ga ɗana, kan neman masaƙar da kakanka ya yi wa aiki

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Mu ma nan Jos lafiya lau, sai sanyi.

Na yi murna da niyyarka ta gano masaƙar da kakanka, Allah ya jiƙansa, ya yi wa aiki a Kaduna. Amma kada ka tsaya a kan "ai a Kakuri yake aiki". Kakuri unguwa ce, masaƙunta da yawa. Kaduna Textiles Limited (KTL) aka fara buɗewa a 1957, haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa da kamfanin David Whitehead na Ingila. Nortex ta biyo baya, sannan Arewa Textiles ta mutanen Japan, da kuma United Nigerian Textiles Limited (UNTL), a tsakiyar shekarun 1960. In ka tabbatar ya kama aiki kafin 1960, to KTL ce.

Ka fara da akwatinsa na ƙarfe da ke ɗakin gwaggonka. Ka nemi katin shaidar aiki, takardar albashi, da katin asusun ajiyar ma'aikata na NPF da aka kafa a 1961, wanda daga baya ya zama NSITF. Lambarsa ta aiki ita ce kan gaba. Suna kan rikitar da mutum: akawu yakan rubuta Mamman maimakon Muhammadu, ko ya liƙa wa ma'aikaci sunan garinsu ya bar na mahaifi. In ka ga tsohuwar atamfa ka duba bakinta, can ake buga sunan masaƙa, sai dai wannan ba hujja ba ce, ƙila a kasuwa ya saya.

Kada ka ɓata lokaci a bakin get. KTL ta tsaya tun 2002, UNTL ta rufe a 2007. Tafi hedkwatar ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa da ke Kaduna, a haɗa ka da tsofaffin ma'aikata. Nan sai ka yi hattara, ɗana. Da yawansu sun daɗe suna jiran haƙƙoƙinsu, wasu sun rasu ba a biya su ba. Suna ganinka da biro da takarda za su zaci batun kuɗin ne. Ka faɗa musu tun farko cewa kakanka kake nema, kada ka sa musu rai a banza. Ka tambayi sashensa, kaɗi ne, saƙa ko rini, da wa yake shugabantarsu, don da sashe suke tuna juna. Ka ɗaga murya cikin ladabi, ƙarar injin saƙa ta taɓa kunnen da yawa. Kwafin hoton kakanka za ka riƙe, na asalin ya zauna gida.

Daga nan ka leƙa Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da cibiyar binciken tarihi ta Arewa House, duk a Kaduna, ka duba tsofaffin jaridun New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo. Labarin kamfani za ka samu, da wuya sunan ma'aikaci ɗaya. Ka je ranar aiki, da katin shaidarka.

Mahaifiyarka na gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
Jos