Zuwa ga Babana, kan maganar mashin ɗin nan

Babana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Kawunka ya zo jiya bayan magariba, ya ce ran Lahadi a hanyar Giwa kan mashin ɗinka ya kama rawa, da ƙyar ka tsaya, kuma ka roƙe shi kada ya gaya mana. Ya gaya mana, kuma ya kyauta. Mahaifiyarka ba ta iya cin tuwon dare ba.

Ka daɗe kana ganin na ƙi saya maka mashin ne saboda rowa. Tabon da ke gwiwar hannuna na hagu, wanda kuke taɓawa kuna yara, wannan rawar ce ta bar mini shi, shekarar da aka haifi yayarka. Ina gangarowa da buhu biyu a baya, gudun ya kai 80, sai tayar gaba ta faɗa ɗan rami. Kan mashin ya shiga bugawa hagu da dama kamar ana fizge shi daga hannuna. Na damƙe birkin gaba. Ban ƙara sanin komai ba sai a gadon asibiti.

Wannan damƙar ita ce ke hana ni barci. Hannu shi ke kai kansa ga birki kafin hankali ya iso. Idan rawar ta sake zuwa, Allah ya kiyaye, kada ka taɓa birkin gaba. Kada kuma ka ƙanƙame kan kana kokawa da shi. Ya fi ka sauri, ƙarfinka ƙara masa rawa zai yi. Ka matse tanki da gwiwoyinka, ka sassauta hannu, ka sunkuyo gaba don nauyinka ya dawo kan tayar gaba, sannan ka riƙa sakin totur a hankali. A hankali na ce, kada ka sake shi gaba ɗaya. In gudu ya ragu rawar za ta lafa, a nan ne za ka ɗan taka birkin baya ka gangara gefen titi.

Kuma rawar ba haka kawai take zuwa ba. Kawunka ya ce buhun masara biyu ka ɗaure, har na bayan ya zarce kariya. Haba Babana! Kaya in ya koma can baya ɗaga gaba yake yi, tayar ta zama tana shafar kwalta kawai. Ladan buhu nawa ne zai riƙe mini jikokina in babu kai? Kai da ka yi karatu, sai ɗan acaba ya fi ka sanin wannan?

Ka yi haƙuri, zuciya ce. Na san hidimar gida ce ta sa ka.

Kafin ka sake hawa babban titi, ka ɗora mashin ɗin a kan tsayuwar tsakiya, wani ya danne baya har tayar gaba ta tashi. Ka kama ƙafafun gaba, wato ƙarafa biyun da ke riƙe da tayar, ka ja ka tura. In ka ji ƙas-ƙas, boris ɗin wuya ya saki. Ka juya kan hagu da dama. In yana sarƙewa a tsakiya, ya cinye, canji ne maganinsa, ɗauri ba zai yi ba. Ka juya tayar ka ga ko rim ya lanƙwashe ko wayoyinsa sun saki. Iska kuma mai faci ya auna maka da ma'auni tun da safe kafin taya ta yi zafi, kada ya matsa da yatsa ya ce ta yi. Tayar gaban in ta suɗe ka canza, ni zan biya.

Hular kwanon da na ba ka, an ce tana rataye a bango.

Ka zo ran Juma'a da mashin ɗin, ba kaya a baya, in duba wuyan da hannuna. Mahaifiyarka ta ajiye wa matarka kuka da daddawa. Allah ya yi maka albarka, ya tsare mini kai.

Mahaifinka