Wasiƙa Daga Gindin Farin Dutse

Grenoble, Faransa
3 ga Agusta

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara da su Hajiya baki ɗaya. Ya damina? Allah ya sa ruwan bana mai albarka ne.

Saƙonka ya same ni ina tsakiyar duwatsu, inda waya ba ta kamawa sai ka hau wani tudu ka ɗaga ta sama, shi ya sa ban ba ka amsa ba. Ka ce mutum ya samu hutun da yake jira tun bara, maimakon ya kwanta ya huta, sai ya goya jaka ya shiga daji da ƙafa, me ya ɓatar a can? Tambayar ta yi ta yawo a raina har na dawo. Yanzu da kumburin ƙafata ya sauka, bari in zauna in ba ka labari a tsanake.

Hanyar sunanta Tour du Mont Blanc, wato zagayen Farin Dutse. Dutsen da kansa ya haura mita 4,800, kuma ba hawansa muka yi ba, wannan aikin gwanaye ne masu igiya da gatarin ƙanƙara. Mutum biyu ne 'yan garin Chamonix, Jacques Balmat da likita Michel Paccard, suka fara taka ƙololuwarsa a 1786. Mu kewaye shi muka yi, kusan kilomita 170, ta cikin Faransa da Italiya da Suwizalan, cikin kwana 11. In aka tara duk hawan da ke kan hanyar, ya kai wajen mita 10,000, kuma duk abin da ka hau sai ka sauke shi da gwiwarka.

Daga garin Les Houches na Faransa muka tashi, ni da wani abokin karatuna. Rana ta biyu ce ta gwada mini iyakata. Bayan garin Les Contamines akwai wata tsohuwar majami'a a bakin kwazazzabo, daga nan hanya ta miƙe sama a kan duwatsun da aka shimfiɗa tun zamanin da, ba ta sake sauka ba sai Col du Bonhomme, mita 2,329 (col shi ne mashiga tsakanin duwatsu biyu). A watan Yuli fa, amma muka taka dusar ƙanƙara da ta ƙi narkewa. Iska na yanka kunne, numfashi na guntulewa, jakar da na auna kilo tara a gida ta koma kamar buhun gero. Da muka hango rufin masaukin Croix du Bonhomme ta cikin hazo, wallahi sai da hawaye suka zo mini.

To, a kan masaukan nan nake so in tsaya, domin su ne amsar tambayarka.

Ka tuna Malam kakanka, Allah ya jiƙansa, yadda yake zaunar da mu a zaure bayan isha'i yana ba mu labarin mahaifinsa da fataucin goro zuwa Gwanja? Madugu da jagaba, jakuna da kaya, da lissafin tafiya zango zango. A lokacin kalmar zango a kunnena kawai take. A can na gane ta a jikina. Kowace safiya ba ka tunanin kilomita 170, tunaninka ɗaya ne: in kai masauki na gaba kafin hadari ya haɗu, domin a duwatsun nan tsawa ta fi sauka da yamma. Saboda haka ake sammako, kamar yadda Malam ya ce ayari ke yi don gudun rana. In ka iso, ka cire takalminka a bakin ƙofa, ka zura silifas ɗin da aka tara domin baƙi, a nuna maka gadonka a ɗaki mai gadaje hawa biyu, mutum goma ko ashirin kuna kwance kafaɗa da kafaɗa. Ruwan zafi na wanka 'yan mintuna ne, a wasu wuraren ma sai ka sayi kwabon da ake jefa wa famfon. Wasu masaukan mota ba ta isa gare su, jirgi mai saukar ungulu ne ke kawo musu gari da gas. Wajen ƙarfe bakwai a buga ƙararrawa, kowa ya zauna a dogon teburi guda, a ɗora tukunyar miya a tsakiya, wanda ya fi kusa ya zuba wa saura. Na ci abinci da Bajapane da Ba'amurkiya da wasu tsofaffi biyu 'yan Sifen da suka haura shekara saba'in. Babu mai tambayar aikinka ko digirinka. Daga ina ka taso yau, ina za ka kwana gobe, ya ƙafa? Hirar kenan. Ƙarfe goma a kashe fitila.

Ba duka ne ya yi daɗi ba. Akwai wani masauki da tun lokacin kama wuri na rubuta musu cewa ba na cin naman alade, amma da dare ya yi sai ga shi a cikin miya da komai, mai girkin kuma ya ɗaga kafaɗa. Na yi tafiyar awa takwas, na kwana da burodi da cuku. Abin ya sosa mini rai ƙwarai. Tsohuwar nan 'yar Sifen ce ta lura, ta tashi ba ta ce komai ba, ta ɗauko mini busasshen ɓaure da gyaɗa daga jakarta. A wani wurin kuma, ɓangaren Italiya, mai masaukin ya gan ni ina neman inda zan yi salla, shi da kansa ya share mini lungu a ɗakin shanya kaya. Kasaru na riƙa yi, ina haɗa azahar da la'asar a kan ciyawa. Alwala da ruwan da ya gangaro daga ƙanƙara kuwa, yatsu har ciwo suke, amma ban taɓa jin natsuwar sujada irin ta can ba.

Iyakar ƙasa da ƙasa dutse ne kawai aka kafa. A Col de la Seigne, mita 2,516, taku ɗaya ya fitar da ni Faransa ya shigar da ni Italiya, gaisuwa ta canza, abinci ya koma taliya da wani tuwon masara da suke kira polenta, wanda ya tuna mini gida sosai. Mun yi wanki a Courmayeur, muka kwana a masaukin da aka sa wa sunan Walter Bonatti, shahararren mai hawan dutse. Daga ƙofarsa kana fuskantar bangon dutsen Grandes Jorasses, da asuba rana ta fara taɓa kansa ya yi ja kamar garwashi alhali kwarin yana cikin duhu. Na tsaya ina ta tasbihi har shayina ya huce. Daga Grand Col Ferret, mita 2,537, muka gangara Suwizalan, ƙasar shanu masu ƙararrawa a wuya da tsadar da ba ta da kunya. La Fouly, tafkin Champex, Trient, sai Col de Balme, inda Farin Dutse ya sake bayyana gaba ɗayansa.

Abu ɗaya ya dame ni. Kogunan ƙanƙarar da ke rataye a duwatsun suna ja da baya. A Mer de Glace, wanda na je gani bayan mun gama, an kafa alluna masu shekaru a jikin dutse, kowanne yana nuna inda ƙanƙara ta kai a shekararsa, kana sauka kana wuce su ɗaya bayan ɗaya. Sai na tuna Tafkin Chadi.

Saukar ƙarshe daga dutsen Brévent zuwa Les Houches ita ta cinye mini gwiwar hagu, ga bororo biyu a diddige. Sun warke, alhamdulillah. An ce a ƙarshen watan nan akwai masu tseren da ke gama zagayen cikin awa ashirin da 'yan kai. Ni ban yi musu hassada ba, domin ba za su kwana a zango ko ɗaya ba.

Masaukan suna buɗewa ne daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Satumba, kuma sai an kama wuri tun watanni kafin lokacin. Na san biza ba wasa ba ce, amma ina so mu gwada, ko baɗi ko wata shekarar. Kafin nan ka riƙa hawa Dala da Goron Dutse da safe kamar yadda muke yi muna yara.

Sannan ina roƙon wata alfarma. In ka je gaida Baffa, ka tambaye shi ko yana tuna sunayen zangunan da Malam ke lissafawa a hanyar Gwanja. Ka rubuto mini su a jere, ko da guda biyar ne.

Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce ta sa ni a addu'a. Hotuna suna tafe ta waya.

Wassalam,
Naka har kullum,
Amininka