Rahoton Ayyukan Shekara: Nazarin Gogen Dennis McGee

Assalamu alaikum, 'yan ƙungiya.

Aikin bana kacokan ya tafi ne a kan Dennis McGee, mai gogen Cajun (al'umma ce mai tushen Faransanci) daga kudancin Luwiziyana a Amurka, wanda aka haifa a 1893, ya daɗe a garin Eunice, ya rasu a 1989. Kwamiti ya zaɓe shi ne don kaɗe-kaɗen rawa da ya riƙe, irin su mazurka da polka da contredanse, sun girmi zamanin da akodiyan (kayan kiɗa mai zugazugi da ake matsawa da hannu) ya mamaye kiɗan Cajun.

A zaman sauraro an bi fayafayen 1929, na shi da Sady Courville, abokin gogensa, da na shi da Amédé Ardoin, baƙar fata mai akodiyan. Fayafaye ne masu juyi 78 a minti, kowace fuska kamar minti uku. Gudun ɗaukarsu bai cika zama daidai ba, sai sauti ya ɗan hau ko ya sauka. Mai koyo ya saita gogensa da faifan, ya ajiye na'urar saiti.

Ajin koyo ne ya fi cin lokaci. Gogen nan mai tsirkiya huɗu ne, kuma kiɗan na mutum biyu ne: ɗaya ya ja waƙa, ɗaya ya riƙa goga tsirkiya biyu tare yana riƙe masa taki. Kowa ya so jan waƙa, aka rasa mai riƙewa, kiɗan ya fito fayau. Tun daga nan aka ce sabon shiga sai ya fara da riƙewa. Ga kuma ƙidaya: wasu baitocin McGee na da ƙarin bugu, mai ƙirga takwas-takwas sai ya tsinci kansa a gaba.

Don tafiya da akodiyan da aka saita a kan sautin C, an sauke tsirkiyoyi mataki guda, daga G-D-A-E zuwa F-C-G-D. A riƙa sassautawa ɗaya bayan ɗaya. In aka sake su lokaci guda, jaki kan karkace, ɗan sandan da ke tokare cikin gogen ya faɗi, sai an nemi mai gyara. Ƙaro ma a rage shafa wa baka, yawansa ke kawo kaushin sauti.

Rubuta kalmomin waƙoƙin bai kammalu ba, Faransancin Cajun ya gagari masu Faransancin makaranta a cikinmu. An ɗage shi zuwa baɗi, tare da fara nazarin Dewey Balfa, wani mai gogen Cajun.

Kwamitin Gudanarwa